Tayoyin Kan Rufin Itto

Haddu ya yi shekara ashirin da takwas yana jan tsohuwar Marsandi ta haya tsakanin ƙauyenmu Tagunt da garin Azru, kuma a duk tsawon shekarun nan ba a haifi wanda zai koya masa yadda ake bi da dusar ƙanƙara ba. Marsandi da baya take turawa. Ka ɗaura mata sarƙa a tayoyin baya, ka jibga buhun yashi biyu a but, shi ke nan, sai ka hau dutse kana zuƙar tabarka. Da aka janye tsofaffin motocin aka ba direbobi waɗannan farare marasa nauyi masu ja da gaba, sai da aka yi wata guda a tasha ana tsine musu. Haddu ne ya fara hucewa. Ya ce shi ya gano kan abin: mota mai ja da gaba alfadari ce da amalanke, in ka buga wa alfadari ƙarfe a kofato, amalanke ba ta da zaɓi sai ta bi.

Da wannan wayon nasa ya je wa Bassu. Bassu mijin ƙanwarsa Itto ne, abokinsa tun suna kiwon tumaki, kuma motarsa irin ta Haddu ce sak. Tayar sanyi, mai laushin roba da zurfin zane, tsada gare ta. Haddu ya ce su haɗa hannu su sayi huɗu su raba, kowa ya sa biyu a gaba inda ƙarfin yake, na baya kuwa a bar tsofaffin, tunda ba abin da suke yi sai bin sahu. Bassu bai iya musu ba. In Haddu ya ce masa rana ta faɗi da hantsi, Bassu fitila zai nema.

Ishu mai faci shi ya yi musun. Ya ce a kan ƙanƙara ba gaba ke kashe mutum ba, baya ne. In gaba ya kama ƙasa baya bai kama ba, ranar da ka taɓa birki a gangare, gindin motar zai zagayo ya gaishe ka ta taga. Ya ce ko huɗu, ko a zauna a gida. Haddu ya yi masa dariya a gaban mutane, ya ce tsohon da bai taɓa tura ko baro ba shi ne zai koya wa direba tuƙi. Ishu ya tofar da yawu gefe, ya ɗaura musu biyu-biyu yadda suka ce.

Wata yamma a tsakiyar sanyin shekarar, Bassu ya sami Haddu a tasha yana sosa ƙeya. Ya ce gobe zai sauka Azru ɗauko fasinja, motar wayam, ga shi kwana biyun nan bayanta na masa rawa a gangare. Tunda Haddu ba zai fita gobe ba, ko zai ara masa nasa biyun na yini ɗaya ya sa a baya? Haddu ya ce Allah ya kai mu safe, ma gani.

Da safen, gari ya fara haske, Haddu ya hura murhu ya ɗora shayi ya koma cikin bargo. Shi kaɗai ne a gidan tun rasuwar matarsa. Sai aka buga ƙofa sau biyu, a hankali, irin bugun Bassu, wanda ko ƙofa yake bugawa sai ka ce haƙuri yake ba ta. Haddu ya tuna da tsugunno cikin ƙanƙara, da notinan da suka daskare, da yatsun da za su mutu don sanyi. Ya kuma tuna cewa in Ishu ya ji an sa huɗu, zancen ya zama nasa ke nan. Ya ja bargo ya rufe kai. Yana ji takun Bassu ya yi ɗan jim a bakin ƙofa, sannan ya juya ya gangara.

Kafin azahar direban motar share ƙanƙara ya ga giɓi a bakin kwanar da muke kira Gwiwar Tsohuwa. Da baya motar Bassu ta faɗa kwazazzabo. Bayanta ya lotse kamar gwangwanin da aka taka, Bassu bai kai a fito da shi da rai ba, amma tayoyin gaba ko ƙwarzane babu. Mutane suka ce kwana ya ƙare, wasu suka ce ƙila gudu yake yi. Haddu ya yi kuka a maƙabarta har sai da aka riƙe shi, kowa ya ce kai, wannan abota da ƙarfi take. Bai gaya wa kowa an buga masa ƙofa ba.

Ishu ya kwance tayoyin biyu da ƙarfensu ya kai wa Itto. Ita kuma ta sa aka ɗora su a kan rufin kwanonta, yadda kowa ke danne rufi kada iska ta yaye. Ba wanda ya ga abin magana a nan sai Haddu, don gidansa yana sama da nata a jikin tudu, in ya buɗe ƙofa abin da idonsa ke fara sauka a kai ke nan. Bazara ta zo ta wuce suna nan. Aka yi sausayar tumaki, aka tsinke tuffa, suna nan baƙi ƙirin. Sau nawa ya yi niyyar ya je ya roƙe ta su, amma me zai ce? Cewa zai yi biyu ba su isa ba, kuma ya san haka tun yaushe? Zuwa wurin Ishu sayen wasu kuwa, gara masa ya haɗiyi garwashi. Da sanyi ya dawo sai ya ƙirƙiri ciwon baya. Duk ranar da ƙanƙara ta sauka, ciwon bayan Haddu ya tashi, mota ta kwana a gindin bango.

To, ciwon Itto ba ya jiran bayan kowa. Ƙodarta ta gaza tun kaka, sau biyu a mako ake kai ta asibitin Azru a wanke mata jini. Sanyin nan aka yi zubar ƙanƙarar da ta rufe hanya kwana shida. Zuwa biyu ya wuce ta. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashinta ya zama na mai hawan dutse da kaya alhali tana zaune. Ran na shida da yamma aka ce motar share ƙanƙara za ta buɗe hanya da safe, amma wata zubar na tafe, kafin la'asar za a sake rufewa. Sauran motocin tasha duk rufewar ta ritsa da su a can ƙasa. Mota ɗaya ce a Tagunt, ta Haddu, da sabbin tayoyi a gaba da suɗaɗɗu a baya.

Gari ya waye fari fat, shiru, ko kare ba ya haushi. Haddu yana tsaye gaban murhu da kofin shayi bai iya kurɓa ba, sai aka buga ƙofa. Sau biyu, a hankali.

Kofin ya tsaya a hannunsa. Ya ce wa kansa maƙwabta ne suka zo cewa Itto ta shirya. Amma maƙwabtanmu ba haka suke buga ƙofa ba, dukanta suke yi suna kiran sunanka har da na ubanka. Ya daɗe a tsaye kafin ƙafarsa ta yarda ta kai shi, ya zare sakata ya buɗe. Ba kowa. Ya duba ƙasa wajen rufin Itto, kamar yadda idonsa ya saba, ya ga ƙanƙara shimfiɗe a kai da ramuka biyu zagayayyu inda kwano ya fito.

Tayoyin Bassu suna jingine a jikin motarsa, ɗaya a tayar baya ta dama, ɗaya a ta hagu. Ya so ya ce ƙanƙara ce ta zame daga rufin ta gangaro da su, to amma abu ba ya gangarowa sama. Ga sawunsu nan a fili, layi biyu masu zane, sun taso daga lungun Itto sun hawo tudun kafaɗa da kafaɗa, babu sawun ƙafar mutum ko ɗaya a gefensu. Ya sa hannu ya taɓa. Tayoyin da suka shekara a rana da sanyi, amma cike suke tam da iska, kuma da ɗumi a jikinsu irin na tayar da ta sha tafiya. Dusar da ta sauka a kansu narkewa take yi.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Amma ka ji halin Haddu: ko a wannan lokacin abin da ya fara zuwar masa shi ne kada wani ya gani. Ya ɗaga su ya jefa a but, ya rufe da tsohon bargo, ya bi sawun yana tattakewa da takalmi har bakin lungu.

Mata biyu na maƙwabta suka fito da Itto a naɗe cikin mayafin ulu suka zaunar da ita a baya, suka tura mata burodi da kwalbar man zaitun da ba za ta iya ci ba. Ta gaishe shi da ƙyar, ta ce Yaya ya bayan naka. Ya ce da sauƙi. Ba ta ɗaga kai ta dubi rufinta ba, shi ma bai duba ba.

A bakin shingen da ake tare hanya da shi, mai gadi ya fito daga rumfarsa yana hura hannu. Ya ce lallai yau gadon bayan Haddu ya ji kira. Ya ce su ne na farko, tun da motar sharewa ta wuce awa guda ke nan ba abin da ya gifta nan ko kaza, mabuɗin ma a aljihunsa ya kwana. Ya ce dusa ta ƙara sauka kamar kaurin yatsu uku, a bi a hankali. Ya ɗaga sandar, ya leƙa ya yi wa Itto sannu, suka wuce.

Suna shan kwanar farko, rumfar mai gadi ta ɓace a madubi, sai ga sawun mota a gabansu. Sabo fil, gefensa bai ko rufta ba. A ranar da sama da ƙasa suka zama fari ɗaya, direba sawun na gaba yake bi, haka aka koya mana, kuma hannun Haddu ya shigar da motar cikin sawun kafin kansa ya tuna abin da mai gadi ya ce. Ya duba gaba iya ganinsa. Itatuwan al'ul ne kawai tsaye da nauyin ƙanƙara a rassansu, da hanya tana shigewa cikin hazo.

Haddu ya iya karanta sawu. A miƙe ba ka gane komai, don tayar baya tana taka inda ta gaba ta taka. A kwana ne suke rabuwa su zama huɗu. Da suka zo kwana ta biyu ya gani: layi biyu masu zane mai zurfi, layi biyu sumul. Masu zanen sun riƙe hanya, sumul ɗin sun ɗan kauce waje kamar faɗin tafin hannu. Ya juya sitiyari a hankali, a giya ta biyu, ƙafarsa nesa da birki, sai ya ji bayan motarsa ya yi sauƙi a ƙarƙashinsa ya zame, ya faɗa daidai cikin layukan nan sumul. A cikin but aka yi ƙwanƙwasa sau biyu.

Itto ta tambayi mene ne a but ɗin. Ya ce jak ne.

Kwana ta gaba kaucewar ta kai kamu guda. Ta gaba da ita ta fi haka. Kowace ya yi iyakar dabararsa, duk abin da shekara ashirin da takwas suka koya masa, kowace bayan motar ya bi sawun nan kamar an ja shi da igiya, kuma kowace but ya buga sau biyu. A wurin da birai ke zama bakin hanya suna jiran a jefa musu burodi, suna nan jere a kan katangar dutse. Ba wanda ya dubi motar Haddu a cikinsu. Duk sun juya kai suna kallon gaba, can ƙasan hanya, kawunansu na tafiya tare a hankali kamar masu bin wani abu da ido.

Kafin gangaren ƙarshe akwai ɗan fili inda a da muke tsayawa ɗaura sarƙa. Nan ya tsaya. Hazon ya ɗan yaye, daga nan ana hango Gwiwar Tsohuwa a ƙasa, kuma ya ga sawun ya gangara har can. Ya ga inda layukan sumul suka buɗe suka zagayo suka wuce masu zanen, sawun ya murɗe ya yi da'ira, sannan ya miƙe da baya zuwa bakin kwazazzabo. Tarin ƙanƙarar da motar sharewa ta tura bakin hanya yana nan lafiyarsa, ba abin da ya fasa shi. Sawun ya isa gindinsa ya ƙare.

Ya kashe injin. Shirun ya sa ana jin numfashin Itto, yana shiga da ƙyar yana fita da ƙara. In ya juya, ba za ta ga buɗewar hanya ta gaba ba. In ya gangara a haka, ya riga ya ga yadda za ta kasance, an zana masa a ƙasa. Saura abu ɗaya, kuma shi ne wanda ya shekara yana gudu.

Ya fita ya buɗe but, ya yaye bargon, ya sauko da su ya jingina a inda za ta gani ta taga. Ya buɗe ƙofar baya ya tsuguna a cikin ƙanƙara, bai iya duban fuskarta ba.

"Itto, ni na ce a raba su. Ishu ya hana, na yi masa dariya. Kuma ran da abin ya faru Bassu ya zo ƙofata aron nawa."

"Ya dawo ya ce min barci kake yi," in ji ta. "Ya ce a bar ka, ka gaji."

"Ba barci nake yi ba. Ina jin sa."

"Na sani, Yaya. Hayaƙin murhunka yana tashi, ta tagata nake gani."

Shekara guda tana dafa masa miyar wake tana aika masa, tana tambayar bayansa, ashe ta sani. Ta huta ta ja numfashi, ta ce ba don iska ta sa aka ɗora su a rufi ba, kwanonta da ƙusa yake. Ta sa su ne inda zai riƙa gani, tana jira ya zo ya tambaya da bakinsa. Ta ce akwai ranakun da ta tsane shi har ba ta son jin ƙarar motarsa, akwai kuma ranakun da tausayinsa ya fi ƙarfin tsanar. Ta ce yau da asuba da ta ji taku a kan kwano, ta ji ana jan su a hankali kada a tashe ta, sai ta gode wa Allah, ta ce yau dai Yaya ya zo.

Ya ɗago ya dube ta. "Ban hau rufinki ba, Itto. A ƙofata na same su."

Ta daɗe tana kallon tayoyin ta gilas. Dusa na sauka a kansu tana narkewa, ruwan na gangarowa ta cikin zanen. Ba ta firgita ba. Leɓenta ne kawai ya ɗan motsa.

"To me kake jira?" ta ce. "Ɗaura su."

Ya sa dutse a tayoyin gaba, ya shimfiɗa katako a ƙarƙashin jak. Notinan sun daskare, sai da ya hau sifana da ƙafa. Yatsunsa suka mutu, fatar ɗaya ta manne da ƙarfe ta yage, gwiwoyinsa suka jiƙe. Yana aikin yana lissafa daɗewarsa ba da son ransa ba, kuma duka-duka, da ɗagawa da kwancewa da ɗaurewa, bai cika rabin awa ba. Wannan ne abin da ya ja bargo a kansa saboda shi. Ya jefa suɗaɗɗun biyu a but ya shiga ya tada mota.

Suka fara gangarawa. Sawun na nan a gabansu, ya shiga cikinsa don ba wata hanyar. Itto ta kama bayan kujerarsa da hannu, yana jin yatsunta kusa da wuyansa. Ga inda layukan sumul suka fara buɗewa. Ya juya sitiyari, ya riƙe numfashi yana jiran sauƙin nan da ya saba ji a ƙarƙashinsa. Bai zo ba. Bayan motar ya zauna daram, ya ciji ƙasa, ya biyo gaba kamar yadda Haddu ya taɓa rantsewa zai yi. Suka tsallake da'irar, sawun ya rabu da su ya nufi bakin kwazazzabo shi kaɗai, su kuma suka sha kwanar.

Bayan Gwiwar Tsohuwa hanya fara ce tas, ba sawun komai a kanta. But bai sake bugawa ba. Can ƙasa jajayen rufin Azru suka fara bayyana ta cikin hazo. Itto ta sauke gilas kaɗan, sanyi ya shigo, ta juya fuskarta wajen kwazazzabon ta yi magana ƙasa-ƙasa, ba da Haddu ba.

"Mun wuce. Koma ka kwanta."

Nan kukan ya ƙwace wa Haddu, ba irin na maƙabarta ba, wannan ba mai kallo. Hanya ta dushe masa, ya saki sitiyari da hannu ɗaya yana goge ido da hannun riga.

"Riƙe da hannu biyu, Yaya," in ji Itto, tana ɗaga gilas. "Kada ka ɓata masa wahalarsa."